Ranar da Na Yi wa Benci Waƙa a Gashua

Na shirya wasa da sunana a Gashua, washegarin ƙaramar Sallah, mutane ba su zo ba. Daga baya sun zo, har wurin ya kasa ɗaukarsu. Amma ba ni suka zo gani ba.

Ni ɗan amshi ne. Kafin nan masunci ne, kamar ubana. Ƙauyenmu yana bakin ruwa, ba nisa da Nguru. Ciyawar kacala ta cinye ruwan, ta toshe hanyar kwalekwale, kifi ya ja baya. Wata damina kuma ambaliya ta ɗauke abin da ya rage. Na shigo Nguru da rigar da ke jikina. Na yi dako a kasuwar kifi, na kwana a rumfunan mutane. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ban taɓa ɗaukar wannan abin kuka ba.

A kasuwar kifin ne Maigida, wani babban mawaƙi, ya same ni. Ina ɗora kwandunan kifin banda a mota, ina rera wata waƙarsa don kada in ji nauyin kaya. Ya tsaya a bayana ban sani ba. Da na juyo ya ce, "Kai, wa ya ba ka muryata?" Na ce a rediyo na tsince ta. Ya yi dariya, ya ce in wanke ƙarnin kifi in same shi a gida bayan la'asar.

A lokacin babu mawaƙin da ya kama ƙafarsa a ƙasar nan. Daga Machina zuwa Kumagannam, har cikin Nijar, in aka ce zai yi wasa, tikiti kan ƙare tun ba a gama jera benci ba. Waƙar mutane yake yi: fatake, dillalan shanu, manyan direbobi, matan da ke da jari a kasuwa. Ya san uban kowa da kakan kowa. Yana da wata 'yar sanda da ba ya rabuwa da ita. In ya nuna ka da ita, ya kira sunanka da na ubanka a gaban jama'a, sai ka tashi ka je ka liƙa masa kuɗi a goshi, ka koma gida kana jin ka ƙara tsawo.

Mu 'yan amshi a bayansa muke tsayawa, kowa da jar hula. Dokarmu ita ce kada muryarka ta hau tasa. Na riƙe wannan doka shekaru masu yawa.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Aka hana taro, hanya ta cika da shingaye, kalangu ya koma rataye a ɗaki. Na koma dako. Da abubuwa suka lafa aka dawo da wasa, amma da rana, a tashi kafin magariba. A wasan farko na gane muryar Maigida ta tafi. Wani ciwo ne ya kama shi a maƙogwaro. An kai shi Kano, ya dawo da tabo a wuya da murya kamar ana jan buhu a ƙasa.

Ba mu zauna mun shirya komai ba. Ya ɗauko baiti, muryar ta karye a tsakiya, sai na ƙarasa masa daga baya. Mai kula da na'ura ya ji, ya rage makirfon Maigida, ya ƙara nawa. Haka aka ci gaba. Shi yana gaba da babbar riga, yana motsa baki, yana nuna mutane da sanda. In ya zaɓi mutum sai ya ɗan karkato ya raɗa mini sunansa da na ubansa. Ni ina baya ina yin waƙar gaba ɗayanta. Tikiti bai fasa ƙarewa ba. In an tashi ina jin mutane suna cewa tsohon nan muryarsa sai ƙara daɗi take. Sai in ɗauki kalangu in kai mota.

Ban ce ya zalunce ni ba. Rabona yana ba ni, har da ƙari. Shi ya je Gashua ya nema mini aure, shi ya tsaya a matsayin ubana. Amma a gidan surukaina ban wuce ɗan amshi ba. Matata tana da ƙane, direban keke napep, bakinsa ba ya rufuwa. In na je gaisuwa sai ya tare ni tun a ƙofa.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Kun gani? Ko gaisuwa ce sai an fara masa."

Kowa ya yi dariya. Ni ma in yi.

Abin ya zauna mini a ciki. A ganina asiri nake riƙe da shi, ni da Maigida da mai na'ura da makaɗa. Ina cewa a raina, ranar da mutanen nan suka san wanda ke yin waƙar, ranar za a ga wanda tikiti yake bi.

Akwai wani Alhaji a Gashua, dillalin kifi, na san shi tun ina dako. Lokacin Sallah yakan yi hayar wani tsohon gidan sinima ya kawo mawaƙa. Na same shi na ce ina so in yi wasa ni kaɗai.

"To, za a iya," in ji shi. "Sai a yi shela a ce yaron wane zai yi wasa, da iznin ubangidansa."

Haka ake yi a sana'armu. Yaro in zai tsaya da ƙafarsa, da sunan ubangidansa ake shelarsa, wasa bayan wasa, har kunne ya saba da nasa sunan. Na san haka sarai. Na ce a'a.

"Sunana kawai, Alhaji. Kada a ambace shi, ko a fosta ko a lasifika."

"Malam, sunanka wa ya san shi?"

"Murya za su ji."

"Sai sun shiga za su ji murya. Tikiti kuwa a waje ake saya."

Na ce in bai yarda ba zan nemi wani wuri. Ya yarda, don ya riga ya kama gidan, mawaƙin da ya sa wa rai kuma ya fasa zuwa.

Na je na faɗa wa Maigida. Yana zaure yana shan ruwan ɗumi da zuma. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya raɗa, "Yaushe?" Na faɗa masa. Ya ce in ɗauki makaɗan duka, da 'yan amshi, da babban kalangu. Can ya ce, "In zo?" Na ce ya huta, hanyar ba kyau. Ya gane abin da nake nufi. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da shan ruwansa.

Aka buga fosta. Ban iya karanta ta ba, amma na ga hotona da sabuwar hula, ba ja ba. Na sa ƙanin matata ya karanta mini, na sa ya maimaita. Shi aka ba aikin shela da sayar da tikiti. Ya ɗaura lasifika a kan kekensa yana zagaya gari tun jajibirin Sallah. In na buga masa waya na ce yaya ake ciki, sai ya ce, "Ana motsawa, Yaya." Ya daina tsokanata. Da ina da hankali da tun nan na gane.

Matata ta riga ni zuwa Gashua da yara, don su yi Sallah a gidansu. Na ce ta gayyato 'yan'uwanta duka, kada ta bar kowa. Na ɗinka babbar riga mai aiki a wuya, irin ta Maigida. Ban taɓa sa irinta ba. Hannun sai zamewa yake daga kafaɗata, ina ta mayarwa.

An buɗe ƙofa bayan azahar. Gidan siniman ba shi da rufi, benci ne a jere har bango, rana tana dukansu. Na leƙa ta bayan labule. A layin gaba ga yayyen matata da matansu, ga ita da yara, ga wasu tsofaffin mata dangin uwarta. Can baya wasu 'yan samari sun fake a inuwar bango. Mai sayar da ruwan sanyi ya shigo, ya duba, ya fita. Saura duk katako ne.

Alhaji ya ce a ɗan jira. Muka jira, janareto yana ta shan mai. Aka yi la'asar. Ba a ƙaru ba, samarin ma wasu sun fita sallah ba su dawo ba.

"Ka fara," in ji Alhaji. "Wataƙila in sun jiyo daga waje su shigo."

Na fita. Makaɗa suka ɗauka, na buɗe baki. Ban taɓa yin waƙa kamar ta wannan rana ba. Muryar ta fito cikakkiya, ba wanda zan jira, ba wanda zan ɓuya a bayansa. Lasifika ta kai ta har titi. Ta ƙofa ina hango mutane suna wucewa da kayan Sallah. Wasu sukan tsaya su karkata kai, su dubi fosta, su yi gaba.

Irin waƙarmu sai da mutane, sai an kira wani. Na duba wanda zan kira, babu kowa sai surukaina. Na kira babban wan matata. Dole kuma a haɗa da sunan uba, haka waƙar take tafiya. Ubansa shi ne surukina. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa furta sunansa ba, ko a cikin ɗaki. Ranar na faɗe shi a lasifika, a gaban 'ya'yansa, titi yana ji. Tsofaffin matan suka sunkuyar da kai. Wan matata ya tashi don ya rufa mini asiri. Ya tako a hankali, ana jin ƙarar takalminsa duk da kiɗan, ya liƙa mini kuɗi. Takardar ta faɗi ƙasa. Ya sunkuya da kansa ya ɗauka, ya sake liƙawa. Matata ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na sha duka a rayuwata. Na kwana da yunwa, na ga ruwa ya tafi da ɗakinmu. Babu wanda ya shige ni kamar sunkuyawar mutumin nan.

Ina cikin waƙa ta gaba na ji hayaniya a ƙofa. Sai ga lasifikar keke, muryar ƙanin matata, yana ihu kamar an yi gobara: "Ya iso! Ya iso Gashua! Ga shi a ƙofar sinima!" Sunan da na hana a faɗa yake faɗa, yana maimaitawa, muryar tana nisa zuwa cikin gari.

Daga inda nake na hango shi. Maigida ne a kan benci kusa da teburin tikiti, da tsohuwar rigarsa, sandarsa a kan cinya. Bai shigo ba. Ya zauna ne kawai inda za a gan shi daga titi.

Ban san garin yana da mutane haka ba. Suka taho a ƙafa, a babur, a keke. Alhaji da kansa ya koma yagar tikiti, hularsa ta karkace. Benci ya cika, jikin bango ya cika. Ni ban tsaya da waƙa ba, kuma ba wanda ya dube ni. Duk sun juya wuya suna kallon ƙofa.

Aka kamo hannun Maigida aka hau da shi dandamali. Ga abin da har yau in na tuna nake jin zafi a fuska. Ba wanda ya ce in matsa. Shi kansa ya ɗaga hannu yana nuna mini in tsaya inda nake. Ƙafafuna ne suka ja baya da kansu. Kafin in ankara ina tsaye a cikin 'yan amshi, da babbar rigata, a wurin da na saba.

Ya jawo ni gaba ta hannun riga. Ya karɓi makirfo, ya sa aka ƙara masa ƙarfi. Wurin ya yi tsit. Muryar ta fito a shaƙe, kalma bayan kalma.

"Jama'ar Gashua. Wannan yarona ne. Wasansa ne yau, ba nawa ba. Muryata ta daɗe da tafiya. Duk abin da kuke ji shekarun nan, shi ke yi. Ku riƙe shi."

Ga asirin a fili, daga bakinsa kuma. Ranar da na daɗe ina jira ke nan. Na tsaya in ga mamaki, in ga idanu sun juyo kaina.

Wani ƙaton dillalin shanu ya miƙe daga tsakiya, kuɗi a hannunsa.

"Mun sani, Baba! Wa bai sani ba? Kai dai nuna ni!"

Wurin ya ɗauki dariya da tafi. Wata mata ta rangaɗa guɗa, wani ya ce, "Allah ya ja kwana, Baba! A fara, magariba na tafe!"

Maigida ya dube ni. Ina jin shi ma bai zaci haka ba. Sai ya ɗaga sanda ya nuna dillalin, ya karkato ya raɗa mini sunansa da na ubansa. Na rera. Mutumin ya tako, ya wuce ni har kafaɗarsa ta gogi tawa, ya liƙa wa Maigida. Haka aka yi ta yi har rana ta yi ja. Maigida yana tura wasu wajena da hannu. Sukan liƙa mini ɗan wani abu don ganin idonsa, su koma kansa.

Da aka tashi Alhaji sai murna yake, yana cewa badi ma a sake. Na tuɓe rigar na naɗe ta. A waje na tarar da ƙanin matata yana kwance lasifika daga kan keke. Na tsaya kusa da shi.

"Tun yaushe kuka sani?"

Bai dube ni ba. "Yaya, ka bar maganar."

"Tun yaushe?"

"Tun farko mana. Akwai wasan da muka je Nguru, tsohon ya juya yana tari, waƙa ba ta tsaya ba. Ka taɓa ganin mutum yana tari yana waƙa?"

"To me kuke saye?"

"Wallahi muryarka da daɗi, kowa yana faɗa. Amma in na ce wa abokaina kai ka kira sunana, cewa za su yi, mijin yayarka? In shi ya nuna ni kuwa, har jikokina sai sun ji labari."

"Wa ya kira shi?"

Ya ci gaba da naɗe waya a hannunsa. "Har jiya tikitin suna aljihuna, 'yan gida ne kawai suka saya. Na faɗa wa matarka. Ita ta buga wa matarsa waya tana kuka. Tun hantsi yana tasha a zaune. Ya ce kada a gaya maka, a bar ka ka gwada. In wurin ya cika, zai koma Nguru ba ka ma san ya zo ba."

Na raka Maigida mota. An sa shi a gaba. Na tsuguna a bakin ƙofar don in ji abin da yake cewa.

"Ni ma na yi wa benci waƙa," ya raɗa. "A Machina. Jakunan 'yan kasuwa ne kaɗai suka saurare ni. Na daɗe ina yi kafin a fara sayen sunana." Ya miƙo hannu ya taɓa gemuna, wajen da furfura ta fito. "Amma ni a lokacin gemuna baƙi ne. Na riƙe ka da yawa. Ka yafe mini."

Na ce ba komai, Baba. Motar ta tashi.

Ban shiga gidan surukaina ba. Na kwana a tasha, da safe na hau motar kifi na koma Nguru. Matata ta dawo bayan 'yan kwanaki. Ba ta ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba, har yau. Wani lokaci ina jin haushinta. Wani lokaci in tuna bencin nan, in san abin da ta tare mini. Babbar rigar tana ƙasan akwatinta.

Alhaji ya sake nemana, ya ce a yi yadda ake yi, a ce yaron wane, a hankali mutane za su saba. Wataƙila gaskiyarsa ne. Na ƙi. Mai ƙarfin hali zai sake gwadawa. Ni na iya yunwa, na iya duka, ban iya benci ba. Na koma bayan Maigida.

Ba a daɗe sosai ba ya rasu. Babban ɗansa ya ɗauki rigar da sandar. Tela ne, mutumin kirki, amma ko amshi ba ya iya riƙewa. Ya zo gidana ya durƙusa ya ce, "Kawu, ba zan iya ba sai da kai." A fosta hoton uban ne babba, nasa ƙarami a ƙasa. An ce sunana ma yana ciki, a can gefe, shi ya sa aka rubuta. Ban sa kowa ya karanta mini ba. Bai san uban kowa ba, don haka yanzu ni ke raɗa masa wanda zai nuna, ya nuna, in rera. Mutane sun sani. Tikiti yana ƙarewa.

Ina Nguru. Dako ya fi ƙarfin bayana, ranakun da ba wasa ina kasuwar kifi ina ɗaure katan. In Sallah ta zo matata takan tafi Gashua da yara, ni in aika da gaisuwa. In wasa ne ya kai mu can, daga mota sai dandamali, daga dandamali sai mota. Ina sa jar hula, ina tsaye a bayan ɗansa.